Wace kalma za mu ba "counterculture" a Hausa?

1/ Masu fassara da malaman tarihi, ku matso. Duk mai rubutu a kan Amurka ta shekarun 1960 sai ya ci karo da kalmar counterculture. Na ga an ce "fanɗarewar matasa", na ga "tawayen al'ada", wasu kuma su bar ta da Turancinta. Shawarata ita ce: kishiyar al'ada.

2/ Mu fara da abin da ya faru. Daga 1946 zuwa 1964 an haifi jarirai kimanin miliyan 76 a Amurka. Iyayensu sun ɗanɗana talaucin shekarun 1930 da wuyar yaƙin duniya, don haka burinsu bai wuce gida da mota da aikin albashi ba. 'Ya'yan suka tashi cikin wadata, suka cika jami'o'i, sai da yawansu suka ce wannan rayuwa ba da su ba.

3/ Yaƙin Vietnam ne ya hura wutar. Zuwa 1968 sojojin Amurka a can sun haura dubu 500, kuma tilas ake ɗibar samari. Namiji yana cika shekara 18 sai rajista, a ba shi kati. Samari suka riƙa cinna wa katin ashana a bainar jama'a, duk da dokar 1965 da ta mai da hakan laifi. Yaron da ya isa a tura shi ya mutu, a yawancin jihohi bai isa jefa ƙuri'a ba sai ya kai 21. Sai a 1971 aka sauko da shekarun zaɓe zuwa 18.

4/ To me ya hana "fanɗarewa"? Hukunci ce, muryar uba ce mai fushi. Ban musa ba, akwai abin ƙi a ciki: ƙwayar LSD, wiwi, zaman da babu aure, kuma sun lalata rayuwar yara da yawa. Amma idan mai fassara ya yanke hukunci tun a sunan abu, ya hana mai karatu sanin dalilin da ya sa mutane suka bi shi.

5/ "Tawaye" ko "bore" ya dace da zanga-zangar ɗaliban jami'ar Berkeley a 1964 da arangamar masu zanga-zanga da 'yan sanda a Chicago a 1968. Sai dai ɗan tawaye mulki yake hari. Da yawan waɗannan ba ruwansu da kujera, tattara komatsansu suka yi suka koma gefe.

6/ Ku dubi unguwar Haight-Ashbury a San Francisco, a 1967, lokacin da matasa kusan dubu 100 suka kwararo cikinta. Wata ƙungiya mai suna Diggers tana dafa miya a manyan tukwane, da la'asar ta raba kyauta a filin shaƙatawa ga duk wanda ya zo da kwanonsa. Sun buɗe kanti inda ba a biyan ko sisi. A watan Yuni aka buɗe asibitin kyauta a unguwar. Maza sun tara gashi har kafaɗa, ga duwatsu a wuya, ƙafa ba takalmi. Suna da jaridunsu da kiɗansu, wasu suka tafi ƙauye suka kafa zaman gandu. A Agustan 1969 mutum kusan dubu 400 suka taru a gonar wani mai kiwon shanu a Bethel, jihar New York, suka kwana cikin ruwa da taɓo a bikin kiɗa na Woodstock. Wanda ya gina duk wannan bai tsaya a ƙi ba, wata al'ada ya kafa. Dole kalmar al'ada ta fito a fassarar.

7/ Kishiya kuwa ta ɗauki ma'ana biyu. A aji mun koyi fari kishiyar baƙi ne, ga ma'anar saɓani ta samu. A gida kuma, kishiya ba ta rushe gidan: ɗakinta daban, girkinta daban, amma ƙofa ɗaya ake shiga, kuma abu ɗaya ake takara a kai. A nan abin takarar shi ne zuciyar matasa.

8/ Wata Hajiya ta yi gyara cewa ai kishiya daga waje ake auro ta, alhali waɗannan 'ya'yan gida ne. Gaskiyarki, Hajiya, amma al'adar ce kishiya, ba yaran ba. Kuma 'ya'yan gidan ne suka ɗauko rabin kayanta daga waje: yoga da turaren tsinke daga Indiya, kiɗa daga baƙar fatar ƙasarsu da iyayensu suka raina. Ravi Shankar, shahararren makaɗin Indiya, da kansa ya kaɗa sitar, molon ƙasarsu, a Woodstock.

9/ Abin da ya fi damuna: kada a jefa gwagwarmayar baƙar fata cikin wannan buhu. Ɗalibai huɗun da suka yi zaman dirshan a kantin Woolworth na Greensboro ranar 1 ga Fabrairun 1960 neman shiga suke yi, a ba su kofi a teburin da ake ba kowa. Muhammad Ali da ya ƙi shiga soja a Houston a 1967, addininsa ya kafa hujja da shi, aka ƙwace masa kambu. Sun haɗu da 'yan hipi, wato matasan nan masu tara gashi, a ƙin yaƙi, amma hanyarsu daban.

10/ Mu gwada ta a jimla: "Kishiyar al'ada ta yi tashe a Amurka a ƙarshen shekarun 1960." "Kamfanonin faifai sun yi kuɗi da kishiyar al'ada." Jam'inta kishiyoyin al'ada. Hippie kuma a bar shi ɗan hipi, don suna ne na rukuni ɗaya a cikinta. Malaman Katsina da Damagaram, idan kunnenku ya ji wani abu daban a jimlolin nan, ku faɗa kafin in sa ta a fassarar da nake yi.