Taƙaitawa: Inda ake tuntuɓe a heksa, bit da bayit

'Yan'uwa masu koyon rubuta manhaja a ƙauyukan Ringim, ga abin da aka tattauna.

1. Kowa ya yarda bayit ɗaya bit 8 ne (bit ɗaya 0 ne ko 1). A heksa, wato ƙidaya mai alamomi 16 (0 zuwa 9 da A zuwa F), alama ɗaya kuma bit 4 ce. Alama biyu ke cika bayit, daga 00 zuwa FF, wato 0 zuwa 255 a ƙidayar da muka saba.
2. 0x10 ba goma ba ce, 16 ce, domin 0x a farkon lamba na nuna heksa ce. Nan sababbi suka fi faɗawa.
3. Saurin intanet da bit ake auna shi: megabit 8 a daƙiƙa megabayit 1 ne kacal.
4. Kwamfuta mai Intel tana ajiye 0x1234 a juye, 34 kafin 12. Ba lalacewa ba ce.

An rabu kan kilobayit: wasu sun ce bayit 1024 ne, wasu 1000. Windows na bin 1024, masu ƙera filashi 1000, shi ya sa sabon filashi ke nuna kamar an rage masa.