Firjin karaban ɗinmu ya ƙi sanyi, ga tafiya Kalguli ta matso

Salamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san kan firjin karaban, wato ɗakin nan da ake ja da mota, ya taimaka mini.

A watan Disamba za mu tashi daga birnin Adeled zuwa garin Kalguli, duk a ƙasar Ostiraliya, gaishe da yayata da ta haihu, tafiyar sama da kilomita 2,000 ta hanyar Nulabo, wato wani makeken busasshen fili a kudancin ƙasar, ni da mai ɗakina da yara uku. Firjin irin mai aiki da gas da lantarki da batirin mota ne. A gida, kan lantarki, har ƙanƙara yake yi. Amma da muka gwada kwana a garin Fot Ogasta muka mai da shi kan gas, da asuba man shanu ya narke, madarar yara ta tsinke.

Na share bututun hayaƙin, na daidaita tirelar da ma'aunin ruwa, wutar ma shuɗiya take ci. Wani makaniki ya karɓi kuɗina, ya ce wai zafin gari ne kawai. Ban gamsu ba.

Naman halal nake son ɗauka, don samunsa a hanyar nan sai an sha wuya. Ƙaramar fanka a bayan firjin za ta wadatar, ko in haƙura in sayi mai kwamfireso?