Shawarwarin masana ga mai harhaɗa ƙaramin samfurin jirgin sama na Ansaldo SVA 5

Bakin masanan ya zo ɗaya a kan cewa wurin sandunan da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa ake yawan kuskure. A jirgin nan na Italiya, wanda ya fara tashi a 1917, a karkace suke, kamar harafin W, su ne ke ɗaukar nauyi. Don haka kada a cika shi da wayoyin ɗauri irin na takwarorinsa. A fara kafa fiffiken ƙasa, a gwada tsawon kowace sanda kafin a sa gam; ɗaya ta gaza, fiffiken sama ya karkace ke nan.

Gangar jikin jirgin falankin katako ce mai sheƙi, ba kyalle ba, kuma bayan mazaunin matuƙi takan tsuke ta koma kusurwa uku. Injin SPA 6A ne, silinda 6 a jere.

Wasu sun ce a yi masa ado irin na jirgin faɗa. Mafi yawa sun ƙi: ainihin jirgin yana da gudu amma ba ya juyi da sauri, shi ya sa aka ba shi aikin leƙen asiri. Mai son fenti na tarihi ya ɗauki na runduna ta 87 ta jiragen sojan Italiya, wadda ta watsa takardu a kan Biyana, babban birnin Ostiriya, ranar 9 ga Agusta 1918.