Neman kalmar Hausa: hawan dutse, hawan tsauni ko ayarin tsauni?

Mai tambaya, Samaru:
Assalamu alaikum malamaina. Kalmomi biyu na Turanci nake nema wa Hausa, mountaineering da expedition, yadda suke zuwa tare a littattafan masu hawa manyan duwatsun duniya. Ina shirya wa ɗaliban sakandare ɗan bayani kan tarihin abin, kuma ba na so in cika musu takarda da Turanci. "Hawan dutse" ne ya fara zuwa baki, amma bai kwanta mini ba. Yaran da suka haye Kufena da hantsi, suka sha rake a sama, suka sauko Wusasa kafin azahar, su ma hawan dutse suka yi. Abin da nake nufi daban ne. Masu tarihi suna fara lissafi daga 8 ga Agusta 1786, ranar da Jacques Balmat da likita Michel Paccard suka kai ƙololuwar dutsen Mont Blanc, tsakanin Faransa da Italiya. A 1857 aka kafa ƙungiyar masu wannan harka a Landan. A 1865 Edward Whymper da mutum shida suka fara hawa dutsen Matterhorn, tsakanin Suwizalan da Italiya, huɗu suka faɗo suka mutu wajen saukowa, ya kuma rubuta littafi a kai a 1871. Tun daga nan kusan kowace babbar tafiya da littafinta. Me za mu kira wannan?

Malamar Hausa, Kongo:
Wa alaikumus salam Malam. Ta farkon ba ta da wuya: hawan tsauni. Gidajen rediyo sun riga sun saba da "tsaunin Everest" da "tsaunin Kilimanjaro", kunne ba zai ji baƙo ba. A bar wa Kufena da Madarkaci "dutse" kamar yadda muka tashi muka ji, a ajiye "tsauni" ga irin Kilimanjaro mai mita 5,895, wanda Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka fara kaiwa samansa a 1889, ko namu Chappal Waddi na Taraba mai mita 2,419. Masu yin abin kuwa 'yan hawan tsauni. Kada a ce mahaya, hankalin kowa zai tafi kan dawakin hawan Daushe.

Ɗalibi, Sabon Gari:
Malama, me zai hana kalma guda, kamar "tsaunanci"? Ta fi sauƙin rubutu.

Malamar Hausa, Kongo:
Ɗana, faɗe ta da ƙarfi ka ji. Duk wanda ya ji "tsaunanci" zai ɗauka harshe ne ko karin magana, irin Zazzaganci da Sakkwatanci. Kalmar da sai an tsaya an yi mata bayani ba ta rage wa mai koyarwa aiki ba.

Mai tambaya, Samaru:
Na karɓi hawan tsauni, Malama, na gode. Ta biyun ce ke ba ni wahala. An ba ni "balaguro", an ba ni "tawaga", wani ma ya ce "yaƙi". Balaguro mutum ɗaya ma yana yinsa da jakarsa. Tawaga kuma sai ka hango manya da manyan riguna za su gaisuwa. Bari in faɗi yadda tafiyar Everest ta 1953 ta kasance don a auna. Turawan Ingila ƙarƙashin Kanal John Hunt suka taso daga kwarin Kathmandu na ƙasar Nepal a watan Maris, a ƙasa, da masu ɗaukar kaya kimanin 350. Suka yi makonni suna sabawa da ƙarancin iska, suna kafa wuraren kwana ɗaya sama da ɗaya har guda tara, kaya na hawa kaɗan-kaɗan a bayan mutane. Ranar 26 ga Mayu, Tom Bourdillon da Charles Evans suka kusa, saura abin da bai fi mita ɗari ba a tsaye, iskar shaƙa ta cikin tukunyarsu ta yi ƙasa, ƙarfi ya ƙare, suka juyo. Hangen Dala ba shiga birni ba. Sai 29 ga wata Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka taka ƙololuwa. Ɗaruruwa suka yi aikin, biyu suka isa.

Dattijo, Ƙofar Doka:
Malam, ai abin da ka zayyana yana da suna tun kafin a haife mu. Ayari ke nan. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayo goro haka suke tafiya, watanni a hanya. Akwai madugu uban tafiya, shi ke da shawara, shi ake tuhuma in an yi asara. Akwai jagaba, wanda ya san hanya yake gaba. Inda aka sauka aka kwana, zango. Masu kaya a ka na doguwar tafiya kuwa, mu 'yan alaro muka ji ana ce musu, 'yan dako na cikin kasuwa ne. Ka ce ayarin tsauni, ka ba wannan Kanal ɗin madugu, ka ga ko akwai abin da ya rage.

Mai tambaya, Samaru:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ta zauna. Hunt bai kai ƙololuwa ba, ya dai ɗauki kaya da kansa har can sama ya ajiye wa na gaba, kuma ba wanda ya ce ba shi ne mai tafiyar ba. Madugu sak. Wurin kwana na ƙasa kuma, inda ake tara kaya da jinyar marasa lafiya, sai mu ce babban zango, sauran zango na biyu, zango na uku, har zango na tara.

Amma abin da ya fi sa na riƙe ta shi ne wannan. In ka ce ayari, Bahaushe ba zai taɓa hango mutum biyu da tuta ba. Zai hango dogon layi, da masu gammo, da masu dafa abinci, da mai gaba da mai baya. Su kuwa mutanen nan su ne littattafan suka fi tauyewa. A tafiyar Everest ta 1922, ƙanƙara ta zaftaro ta kashe masu ɗaukar kaya bakwai, yau da wuya ka sami mai karatun da ya riƙe sunan ko ɗaya, alhali George Mallory da Andrew Irvine da suka ɓace a 1924 kowa ya san su, har aka yi ta neman gawar Mallory sai da aka gano ta a 1999. A tsaunin K2, shekarar 1954, Walter Bonatti na ayarin Italiya da Amir Mahdi, mutumin Hunza ta Pakistan, suka hau da tukwanen iska don biyun da za su ƙarasa, ba su iske tanti inda aka yi alkawari ba, suka kwana a fili sama da mita 8,000. Mahdi ya rasa yatsun ƙafarsa. Bonatti ya yi kusan shekara hamsin yana jayayya da rahoton madugunsu kafin ƙungiyar 'yan hawan tsauni ta Italiya ta amince da maganarsa. Ina so ɗalibi ya ji waɗannan mutane a cikin kalmar tun kafin in fara bayani.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Malam, a kula da Sherpa. Na ga wasu suna fassara shi da ɗan dako kai tsaye. Sherpa ƙabila ce a Nepal, da harshenta da garuruwanta, ba sunan sana'a ba. Tenzing shi ne shugaban Sherpawan ayarin 1953, kuma a 1952 ya riga ya hau har kusan mita 8,600 tare da Raymond Lambert na ayarin Suwizalan. Wannan ai jagaba ne.

Mai tambaya, Samaru:
Gaskiyarki, Hajiya. Sherpa ya zauna a sunan ƙabila. Aikin ne za mu raba: jagaba ga mai buɗe hanya da ɗaura igiya, ɗan alaro ga mai kai kaya babban zango. Zan sa "ɗan dako" kusa da shi a karon farko saboda yaran yanzu.

Malamar Hausa, Kongo:
Saura littattafan. Labarin tafiya ba baƙo ba ne a garin nan, Abubakar Imam ya rubuta na zuwansa Ingila a 1943. To amma na tsauni iri biyu ne, kuma tunda Baba ya ba mu madugu, ina ganin a raba su. Akwai littafin madugu, wanda shugaban tafiya ke fitarwa da sunan kowa, kamar na Hunt a 1953, ko na Maurice Herzog a 1951 kan Annapurna, tsauni na farko mai sama da mita 8,000 da aka hau, ranar 3 ga Yuni 1950. Herzog a gadon asibiti ya yi shiftarsa, bayan an yanke masa yatsun hannu da na ƙafa. Akwai kuma littafin ɗan ayari. Louis Lachenal, wanda suka hau tare, shi ma ya rasa yatsun ƙafa, ya bar nasa rubutun, aka tace shi kafin a buga a 1956, cikakkensa bai fito ba sai 1996. Tenzing bai yi karatun boko ba, faɗa ya yi wani marubuci ɗan Amurka ya rubuta, aka buga a 1955. Ɗalibi ya san wanne ke hannunsa kafin ya gaskata.

Dattijo, Ƙofar Doka:
Haka ne, 'yata. Ko a da, in ayari ya dawo, labarin madugu a zaure daban, na yaransa a bakin rijiya daban.

Mai tambaya, Samaru:
Da su zan rubuta, Allah ya saka wa kowa. Kalma ɗaya ta rage mini kafin Litinin: abin da ya kashe mutum bakwai ɗin nan a 1922. Na sa "zaftarewar ƙanƙara", amma a wurinmu ƙanƙara ita ce mai faɗowa da ruwan farkon damina ko ta cikin firji, wannan kuwa gari ce mai laushi da ke taruwa a gangare har ta ɓalle gaba ɗaya. Malama, "zaftarewar dusar ƙanƙara" ta yi tsawo, ko a bar ta haka?