Injin yankan ciyawa na hawa a fili mai gangare: in cika kuɗin ko in janye?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Muna da fili a Malali a Kaduna, can ƙasa wajen bakin kogi, gadon mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Mangwaro da gwaibar da ke ciki duk shi ya dasa da hannunsa. Bayan rasuwarsa yayyena suka ce a sayar a raba, ni na dage a bar ni in mayar da shi wurin biki. Suka ba ni damina biyu, ɗaya ta riga ta wuce. Ciyawa ce ta fi ƙarfina. A watan Agusta duk kwana goma sai na kira yara da adda, kuma ba ya yin kyau, babu amaryar da za ta ɗauki hoto a kai. To wani ya nuna mini injin da ake hawa kamar ƙaramar tarakta, John Deere na hannu, ya ce daga Amurka ya shigo ta Legas. Na ba da kafin alƙalami, Asabar zan cika. Sai jiya ƙanin maigidana ya ce irinsu suna kifewa a gangare, filinmu kuwa gangare ne. Yaya zan yi?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, wace lamba ce a jikinsa? Kuma girman filin nawa ne?

Injiniya: Hajiya, kada ki ƙara ko sisi sai kin auna gangaren. Da yawa daga masu ƙera injinan nan da kansu sun ce kada a hau da su inda ya wuce digiri 15. Ki sa magini ya kwantar da katako mai mita 2, ƙarshensa ɗaya a kan ƙasa ta wajen tudu, ya ɗaga ɗayan har ya daidaita. In tazarar da ke ƙarƙashinsa ta wuce rabin mita, an gama magana. Na biyu, giya. Ƙananan na gida da yawa giya ƙirar K46 ta kamfanin Tuff Torq ke jikinsu, da mai take aiki, kuma hawan tudu ne ke kashe ta. Da sanyi za ta yi miki lafiya lau, sai man ya yi zafi ta fara ja da ƙyar. Saboda haka a bar shi ya yi aikin rabin awa kafin a gwada shi a tudu, a filinki, ba a ƙofar shago ba. In mai sanduna biyu ne maimakon sitiyari, ki gudu, tayoyin gabansa ba sa riƙe hanya a gangare. Ki duba agogon awannin aiki, da birki, da ko injin yana da filtar mai. Yanka kuma sama da ƙasa ake yi, ba a gicciye ba, kuma ba a hawa da raɓa.

Maman Walida: Injiniya na gode, amma gangaren bai kai yadda kake tunani ba, ni ina sauka da ƙafata ba wahala. Mutumin kuma ɗan unguwarmu ne, ba zai cuce ni ba. Ya tayar da shi a gabana, bugu ɗaya.

Injiniya: Tashin inji daban, ƙarfin giya daban. Sitiyari gare shi ko sanduna?

Maman Walida: Sitiyari. Fentinsa ma ko ƙwarzane babu.

Alhaji na Barnawa: Ni kayan gyara ne damuwata. Nawa shekara biyu yana ajiye saboda bel ɗaya. Na zaga kasuwar Panteka, aka haɗa mini wani, sati bai yi ba ya tsinke. Wani makanike ya tafi da kafireto zai wanke, har yau. In na kira sai ya ce yana Zariya. Mutanen yanzu babu amana wallahi.

Anti Rabi: 'Yar uwa, tunda aka cire tallafin mai a 2023 wa ke neman abin da zai ƙara shan fetur? Ki sayi tumaki shida ki sake, da Babbar Sallah ki sayar.

Maman Walida: Anti, wurin biki ne fa. Kashin tumaki a inda za a shimfiɗa darduma?

Baban Sadik: Ni a ganina ki sayi mai ratayawa a kafaɗa don wajen kogi, wanda ake turawa da hannu don saman. Kuɗinsu ba zai kai rabin wancan ba, kuma ana samun masu gyara.

Injiniya: Na kafaɗa ba ya daidaita yanka, dabbare-dabbare zai bar mata. A auna filin kawai. Ƙasar bakin kogi ma laushi take yi da damina, taya na iya zamewa ko gangaren bai kai ba.

Maman Walida: Ai ba zan sauka da shi har bakin ruwa ba. Kuma in na janye yanzu kafin alƙalamina ya tafi, yayyena su ce dama sun faɗa. Ya ce ba zai kawo shi filin ba sai na cika, saboda kuɗin mota.

Injiniya: Ki biya kuɗin motar ke. In ya ƙi, kin san dalili.

Maman Walida: Zan kira shi bayan Magariba in ji. Amma akwai wani mai saye da yake jira, shi ya sa nake sauri.

Baban Sadik: Hajiya, har yanzu ba ki faɗa mana lambar injin ba.