Neman Shawara: Kwalkwalin Salet Yana Tsagewa a Tsakiyar Kai

Assalamu alaikum, maƙera da masana tarihin kayan yaƙi. Watanni huɗu ke nan ina ƙoƙarin ƙera kwalkwali irin salet, wanda mayaƙan Jamus suka yi amfani da shi a ƙarni na 15, daga falle guda na ƙarfe mai kaurin milimita 2, ba tare da walda ba. Duk lokacin da zurfin ƙoƙon ya kai rabi, sai tsakiyar ta yi siriri ta tsage, duk da cewa ina mayar da shi wuta ya yi ja kafin kowane zagayen guduma. Falle uku na yi asara.

Hotunan gidan tarihi na Wallace Collection da ke Landan ba su nuna mini sawun guduma na ciki ba. Shin daga waje ya kamata in riƙa dukan ƙarfen a kan turke, ko kuwa kaurin ne bai isa ba?