Wace jakar iska ce za ta daɗe wa mai nutso da silinda ɗaya?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Ina neman shawararku a kan jakar iskar da ake ɗaurawa tsakanin farantin baya (farantin da mai nutso ke goyawa a bayansa) da silindar iskar numfashi, wadda mai nutso ke ƙara wa iska ko ya rage domin ya daidaita a cikin ruwa. Da silinda ɗaya nake shiga, ta alminiyam mai cin lita 11, kuma galibi a Bahar Maliya ne idan aiki ya kai ni Jidda. Ina son wadda za ta daɗe, domin a nan Sakkwato babu wurin da zan kai ta gyara. An yi mini tallar wata mai ɗaga kilo 27 a farashi mai sauƙi.

Injiniya na Arkilla: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka bar wannan ko da kyauta ce, domin don silinda biyu aka yi ta. Idan ka ɗora mata silinda ɗaya, gefunanta biyu za su tashi su rungume silindar, iska ta maƙale a can sama inda bawul ba ya kaiwa, ka yi ta juyi kana neman fitar da ita alhali ruwa na tura ka sama. Aikin jakar bai wuce ta rama nauyin iskar da ke cikin silinda ba, wadda ba ta kai kilo 3 ba a irin taka, da ƙarfin taso da mutum sama da rigar nutso ke rasawa idan zurfi ya matse ta, sannan ta riƙe kayanka a saman ruwa. Mai ɗaga fam 30, wato kusan kilo 14, ta ishe ka a ruwan ɗumi. Ka zaɓi mai zagaye kamar gammo, wadda iska ke kewayawa ta ƙarƙashin silinda, maimakon mai buɗaɗɗen ƙasa.

Ɗan Mabera: Na gode, Yaya. To batun ƙarfin yadin fa? Ina ganin ana rubuta 1000 ko 1680.

Injiniya na Arkilla: Wannan adadi kaurin zaren rigar waje ta jakar yake nufi. Yadin Cordura mai 1000 da nailan mai 1680 duk suna jure gurzar dutse da bakin jirgi, kuma kowanne ka samu ya wadatar.

Malam na Runjin Sambo: Ina tare da Injiniya, amma zan ƙara da cewa ba ta rigar waje jakar ta fi mutuwa ba, ta tif ɗin ciki ne, wanda ke riƙe iskar. Hudar da aka fi gani tana faruwa ne a kan tudu, lokacin da aka yar da kaya a daɓen jirgi ko bayan mota, sai bakin farantin ƙarfe ya danne tif a kan abu mai tauri ya tsaga shi, rigar waje kuwa ko ƙwarzane babu. Saboda haka abin da nake fara dubawa shi ne zif. Idan akwai zif da zai ba ka damar zaro tif ɗin ka nemo huda da ruwan sabulu, ka yi masa faci da gam irin Aquaseal, ko ka sauya shi baki ɗaya, to ka samu kayan shekaru. Akwai masu shafi ɗaya marasa tif, ba su da nauyi a jakar tafiya kuma suna saurin bushewa, sai dai idan mahaɗin da aka liƙe da zafi ya buɗe, gyaran ya fi ƙarfin wanda ke zaune a gida. Ka kuma tabbatar cewa maɓallin hura iska da mesar irin na gama-gari ne, waɗanda za ka samu a kowane shagon kayan nutso.

Hajiya ta Gawon Nama: Malam ya faɗi gaskiya. Cikin waɗanda aka sani akwai Halcyon Eclipse, da Apeks WTX-D30, da OxyCheq Mach V, duk masu zagaye ne kuma ana samun su a fam 30. Ni dai ba suna nake bi ba, ina bin wadda mai sayarwa zai iya haɗo mini da tif na ajiya a rana ɗaya. Kafin ka biya, ka tambaya ko tana da tsagar da bel ɗin silinda zai ratsa kai tsaye, ko kuwa sai ka sayi ƙarfen da ke zaunar da silinda ɗaya daban, domin wannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin nauyi a awon filin jirgi.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne ajiya a garinmu. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, kuma ɗakin ajiya mai rufin kwano ya fi haka nesa ba kusa ba. Robar tif ba ta son wannan, musamman idan an naɗe ta an ɗora mata kaya tsawon watanni. Bayan kowace tafiya ka zuba ruwan famfo ta mesa, ka jijjiga, ka zubar ta bawul ɗin ƙasa har ɗanɗanon gishiri ya ɓace, domin gishirin da ya bushe a ciki yana cin tif yana kuma hana bawul rufewa. Sannan ka hura mata iska kaɗan don kada bangonta ya manne, ka rataye ta a ɗaki mai sanyi inda rana da ɓeraye ba sa kaiwa, ka rufe ta da zane saboda ƙurar hunturu.

Ɗan Mabera: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Idan na samu ta hannu mai kyau, in saya?

Malam na Runjin Sambo: Ka saya, amma da sharaɗi. Ka hura ta har bawul ya fara fitar da rarar iska da kansa, ka bar ta ta kwana. Idan gari ya waye tana nan tam, ka buɗe zif ka duba tif: kada ya yi danƙo a hannu, kada ya yi tsatstsaga a wuraren lanƙwasa, musamman kewayen gindin mesa. Idan mai ita ya ƙi yarda a buɗe, ka riƙe kuɗinka.